Ina Fankonka?

Moonta, 4 ga Fabrairu, 1985

Zuwa ga matata Nerida,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da 'yarmu Tamsin, da kuma gwiwar nan taki da kika rantse ta daina ciwo don kawai in samu in taho. Yaya shago? Idan mutumin nan mai neman littafin kiwon zuma ya dawo, littafin yana ƙarƙashin tarihin Romawa. Kada ki tambaye ni dalili. Ni lafiya lau, in ban da zafi.

Cikin alhini nake sanar da ke rasuwar butar shayin gidanmu. Ta cika jiya da hantsi a kan murhu, bayan gajeriyar jinyar rashin ruwa. Ta bar kofuna da cokula da dama, da wani tsoho da ɗansa waɗanda ba su san yadda ake fara yini ba sai da ita. Kin san ta, ta jan ƙarfen nan mai karkataccen hannu wadda Mama ta zo da ita gidan aure. Na tarar gindinta ya huje, kicin ya turnuƙe da hayaƙi, shi kuwa Farfesa Alwyn Tregear, wanda ɗaliban kimiyyar sinadarai ke haddace littafinsa daga nan har Indiya, yana can cikin lambu yana yi wa tumatir faɗa. Na tambaye shi wa ya ɗora buta ya manta. Ya ce, "Tambaya mai kyau." Ke ma kin san abin da wannan ke nufi a bakin Baba: mai tambayar bai yi tunani ba kafin ya buɗe baki.

Dariya nake yi, amma ba abin dariya ne ya kawo ni ba. Ga abin da ƙanwata Morwenna ta kasa gama faɗa miki a waya saboda kuka. Kwamitin da aka kafa don binciken bama-baman nukiliya da aka gwada a hamadar arewa shekaru talatin da suka wuce zai zauna a Adelaide ƙarshen watan nan, kuma an gayyaci Baba ya ba da shaida. Shi har ya goge takalmansa. Likita ya ce jiki zai iya tafiyar, batun kai kuwa sai dai iyali su duba. Morwenna ta ce ita ba za ta iya dubawa ba. To ga ni, mai sayar da tsofaffin littattafai, an naɗa ni alƙalin ƙwaƙwalwar da ban taɓa kamo ƙafarta ba.

Ke kin shigo danginmu ne bayan duniya ta gama fushi da shi, lokacin da jami'o'i ke aiko masa da lambobin yabo, waɗanda yanzu haka suna cikin gwangwanin biskit tare da maɓallan riga. Ni na san wancan lokacin. Ina ɗan shekara sha shida aka ce wa jama'a ƙurar bam ba za ta wuce hamada ba. Baba bai yi musu ba. Ya dai roƙi matan karkara, ta bakin ƙungiyoyinsu na coci, kowace ta aiko masa da ruwan saman da ta tara a tankin rufinta da madarar saniyarta. Ya auna, ya samu gubar nan da jiki ke ɗauka ya kai wa ƙashi a zaton abinci ne. Ya faɗa. Aka ce ya yi shiru, sai ya sake faɗa, wannan karon a rediyo. Kafin shekara ta zagayo ya rasa kujerarsa a jami'a, an riƙe fasfo ɗinsa, an fasa mana taga. Da aka mayar masa da fasfon kuwa bai ƙara zama ba. Ya yi ta yawon duniya yana tara sa hannun masana, yana roƙon manya su daina busa wa yaran mutane guba a sama.

Yanzu an ce ya zo ya faɗa a gaban hukuma, abin da ya jira tun wancan lokacin. Amma akwai lauyoyin ɗaya ɓangaren, na waɗanda suka yi gwajin, Nerida, kuma ba shayi za su ba shi ba. Idan ya tsaya can ya ruɗe, ba shi kaɗai za a yi wa dariya ba. Za a ce ga irin kan da ya yi awon, sai kwalaben matan nan duka su bi shi cikin kwandon shara. Gara ya zauna a gida da sunansa cikakke.

Ban yanke hukunci ba tukuna. Zan sa ido. Amma buta ita ce shaida ta farko.

Ki gaida Tamsin, ki ce mata kakanta ya tambayi ko har yanzu tana ɓata rayuwarta da karatun lauya. Ki huta da gwiwar nan.

Mijinki,
Denzil

Moonta, 11 ga Fabrairu, 1985

Nerida tawa,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan ku duka kuna lafiya. Wasiƙarki ta iso, na gode da ta'aziyya. Sai dai ban gane barkwancin da kika yi a ƙarshe ba, inda kika ce in zauna in tuna dalilin da ya sa butarmu ta Melbourne take da usur. Ni dai a sanina don kina son kiɗa ne.

Na sayo sabuwar buta, marar kyau, marar tarihi. Shaidu kuma sun ƙaru. Ranar Laraba na nemi makullin mota har na fara zargin karen maƙwabta, sai ga shi cikin firij kusa da man shanu. Ranar Alhamis na tashi na tarar famfon tanki yana ɗiga, ƙasa ta jiƙe, a watan da ba mu ga girgije ko na rantsuwa ba. Sannan ga kalmomi. Yana tsakiyar magana sai kalma ta ɓace masa, ya tsaya yana motsa yatsu kamar mai lalube cikin aljihu. Cokali ya zama "abin nan na miya". Jiya ya kira ni Jory, sunan yayansa da ya tafi yaƙin farko bai dawo ba. Ban gyara masa ba. Na fita na duba tumatir.

Misis Opie ta gidan kusa tana nan yadda kika san ta, shekara saba'in da ɗoriya, bakinta bai tsufa ba. Ta kawo mana fasti mai zafi, burodin nan nata mai nama a ciki, ta same ni ina leƙen Baba ta taga yana ƙulla igiyar wake. Ta ce, "Kai Denzil, jinya ka zo ko leƙen asiri? Wancan karon ma da hukuma ta sa masa 'yan leƙe, sun fi ka iya ɓuya."

Ranar Juma'a wata lauya ta zo, Halina Sobek, yarinya ce da ba ta fi Tamsin da yawa ba. Ita ke tsaya wa tsofaffin sojojin da suka yi aiki a wurin gwajin da kuma mutanen hamada da ƙurar ta sauka a kansu. Baba ya ɗaura nakataye a cikin wannan zafi. Ya zayyana mata awon da ya yi gari bayan gari, da ka, ba takarda. Sai ya zo kan saniya, kalmar saniya ta ƙi zuwa. Ya ce, "Wannan dai, mai ƙaho, mai haƙuri." Ta yi dariya, shi ma ya yi. Ni ban yi ba.

Ta tambaye shi me zai ce idan aka ce kwalabensa ne ba su da tsabta. Ai kuwa ta taɓo masa inda yake so, ta sha laccar fanko. Kin sha jin kalmar a gidan nan, amma ban sani ba ko an taɓa gaya miki asalinta. Kowace mace kwalba uku yake aika mata. Biyu ta cika, ɗaya da ruwa, ɗaya da madara. Ta ukun kuwa a cike take zuwa da tataccen ruwa, babu abin da za ta yi da ita sai ta ajiye ta kusa da 'yan'uwanta, ta mayar da su tare. Ita ce fanko, ko da yake ba fanko ba ce. Ta bi hanya ɗaya da su, hannu ɗaya ya wanke su, na'ura ɗaya ta auna su. Duk abin da ya bayyana a cikinta, to ba daga sama ya sauko ba, kai mai awo ka kawo shi, sai ka cire shi daga lissafi kafin ka zargi kowa.

Da wannan kalma aka rene mu. Idan na kawo ƙarar Morwenna, Baba ya ce, "Ina fankonka?" Idan Mama ta ce miyar Misis Opie ta yi gishiri, ya ce, "Isobel, ina fankonki?" Sau ɗaya ta jefe shi da tsumman kwano. Wasu yara ubanninsu na kai su kallon wasan kurket. Mu namu ya ba mu hanyar hana kanmu jin daɗin fushi.

Da na raka Halina bakin ƙofa, na gaya mata a hankali cewa ba na jin zai zo. Ta dube ni ta ce, "Mista Tregear, mutanen da nake wa aiki su ma sun tsufa. Wasu ba sa gani, wasu ba sa iya hawa bene. Za su zo." Ta ce za ta riƙe masa gurbinsa har Juma'ar makon gobe.

Na san abin da za ki ce, cewa har yau ban yafe masa tagar nan ba, da shekarun da muka yi muna ganinsa a jarida fiye da a teburin abinci. Wataƙila. Amma na rantse miki ba wannan ba ne. Na taɓa ganin an yi masa ihu a dandali yana da ƙarfinsa, ya tsaya ƙyam har suka gaji. Ba zan iya ganin an yi masa dariya yana lalube ba.

Saura in gaya masa. Ki yi mini addu'a, ko da irin taki ce ta tsaye a bakin kanta.

Naki,
Denzil

Moonta, 15 ga Fabrairu, 1985

Masoyiyata Nerida,

Ina gaishe ki, ina gaida Tamsin. Ina fata gwiwa ta yi sauƙi, kuma ba ki hau tsanin nan na shago ba. Na san kin hau.

Na gaya masa. Jiya da yamma muka taka zuwa gadar bakin teku, inda yake son zama ya kalli masu kamun kifi yana ba su shawarar da ba su nema ba. Na jera masa komai kamar ɗan sanda: buta, makulli, famfo, kalmomi. Na ce ina ganin ya rubuta wa Halina abin da zai faɗa, ta karanta a madadinsa. Na yi ta magana mai daɗi a kan suna da mutunci. Na ma kawo misali da wani sarkin Romawa da ya san lokacin ajiye mulki ya koma noman kabeji. Ya bar ni na gama tas.

Ya daɗe yana kallon ruwa. Sannan ya ce, "Takarda ba a yi mata tambaya, yaro. Abin da ba a yi wa tambaya ba kuwa ba shaida ba ne." Sai ya juyo, ya ce, "Awonka ya yi kyau. Ina fankonka?"

Na ce Baba, wannan ba kwalba ba ce. Ya ce komai kwalba ne. Ya ce tun da na iso mutum biyu ne a gidan, ni kuwa na ɗauki duk abin da ya lalace na zuba a kan mutum ɗaya. Ya ce da ɗalibinsa ne ya kawo masa irin wannan aiki, da ya ba shi shawarar ya koma sayar da littattafai. Kin ji.

Ga abin da ya tsara, a nan take, a kan benci. Shi zai koma ɗakin baƙin Misis Opie na 'yan kwanaki. Ni in zauna a gidan ni kaɗai, in yi rayuwata yadda na saba, kada in canza komai. Misis Opie za ta riƙa shigowa safe da yamma ta duba. Gida ɗaya, murhu ɗaya, firij ɗaya, an cire tsoho kawai. Idan komai ya zauna lafiya, shi da hannunsa zai rubuta wa Halina ya ce ba zai zo ba, kuma ba zai ƙara tayar da maganar ba. Idan ba haka ba, ni zan kai shi Adelaide da motata.

Misis Opie ta karɓi aikin kamar an ba ta sarauta. Na ce mata mutanen gari za su yi surutu, bazawara da tsohon da matarsa ta rasu a gida ɗaya. Ta ce, "Allah ya sa su yi! Rabon da a yi gulmata tun ana yaƙi." Ta kuma gargaɗi Baba cewa a gidanta ba a auna miya, ci ake yi.

Yau da safe na ɗaukar masa jakarsa muka tsallaka shinge. Ba nisa, amma sai da ya tsaya ya waiwayi gidan. Sai da na kira shi sannan ya ci gaba da tafiya, Nerida. Bai san yadda awon zai fito ba. Shi ma yana tsoron ko shi ne. Duk da haka ya ɗora abin da ya jira shekara talatin a kan gwajin da zai iya kayar da shi, don bai san wata hanyar gano gaskiya ba.

Zan ci wannan caca, wannan ba abin shakka ba ne. Mutum mai shekara arba'in da biyar zai iya dafa shayi na 'yan kwanaki. Sai dai ban taɓa ƙin nasara irin wannan ba.

Gidan ya yi shiru ƙwarai. Ki rubuto.

Mijinki mai kewarki,
Denzil

Moonta, 20 ga Fabrairu, 1985

Nerida,

Gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Ki zauna kafin ki karanta, ba don labarin na da nauyi ba, don kada dariya ta kayar da ke a kan gwiwar.

Sabuwar buta ta bi tsohuwa. Ta rasu ranar Lahadi, tana da ƙuruciyarta. Na ɗora ta, na ce bari in ɗan leƙa wani littafin tafiye-tafiye da na gani a kantar Mama kafin ta tafasa. Ina tsakiyar tekun Indiya sai na ji Misis Opie tana dukan ƙofa da tsintsiya tana cewa, "Fito, Farfesa ƙarami, fankonka na ci da wuta!"

Ranar Litinin ta buɗe firij a gabana, ta nuna da haɓa. Makullin mota ne, kusa da man shanu. Ashe idan na dawo daga kanti, madara da makulli a hannu ɗaya nake riƙe su, a wuri ɗaya kuma nake ajiyewa. Shekara nawa kika yi kina ciro mini shi ba ki faɗa ba? Kada ki amsa. Batun usur ma na gane, na gode.

Famfo kuwa ya ci gaba da ɗiga ba wanda ya taɓa shi. Robar cikinsa ce ta cinye. Na kusa kai ubana gidan tsofaffi saboda roba.

Jiya Baba ya dawo. Na zaci zai yi mini dariya, na ma shirya fuskar da zan karɓe ta da ita. Bai yi ba. Ya zauna a teburin kicin ya ce mu yi lissafi. Buta, a cire. Makulli, a cire. Famfo, laifin kayan aiki. Sannan ya ce wa Misis Opie ta faɗi nasa. Ashe ya sa ta ta sa masa ido shi ma. Ta yi ta murza gefen rigarta, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta ce ya kira ta Isobel har sau biyu, kuma ya nemi kalmar taga ya rasa.

Ya gyaɗa kai ya ce, "Ka gani. Awon bai ce lafiyata ƙalau ba, yaro. Ya ce dai buta ba tawa ba ce. Abin da ya rage bayan an cire naka, nawa ne, kuma ba kaɗan ba ne." Ya ce ya daɗe da sanin kalmomi na barinsa, ɗaya bayan ɗaya, kamar baƙin da suka gaji da biki suna sulalewa ba sallama. Lambobi ne har yanzu suke zaune. Ya ce shi ya sa ba zai jira a sake gayyatarsa ba.

Na ce to ai maganata ke nan, Baba. A can ba lambobi kaɗai za su nema ba, kalmomin da ke gudun nan su za su bi. Ya ce, "Ka sha kaye, Denzil. Je ka duba man mota."

Na kira Halina na ce muna zuwa. Alkawari alkawari ne. Amma in gaya miki gaskiya, ra'ayina bai canza ba. Na yarda ni ne na kashe buta ta biyu. Ban yarda wannan zai hana wani lauya mai kaifin baki ya yayyaga tsohon nan a gaban jama'a ba. Zan kai shi, in zauna a bayansa, in kwaso abin da ya rage.

Misis Opie ta ce da ita za a tafi, har ta fito da hular zuwa coci. A tukunya muke dafa ruwa yanzu, kuma an hana ni zuwa kusa da ita.

Naki, duk da haka,
Denzil

Adelaide, 27 ga Fabrairu, 1985

Zuwa ga Nerida, matata,

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da Tamsin. Mu ma lafiya. Baba yana barcin rana a ɗakin masauki da takalmansa a ƙafa, Misis Opie ta tafi kallon kantuna. Bari in ba ki labari tun yana da zafi.

Ɗakin zaman kwamitin ya cika. Tsofaffin sojoji a gaba da lambobinsu a ƙirji, mutanen hamada a baya, wasunsu sun kwana biyu a mota kafin su iso. Aka kira sunansa, ya tafi a hankali, ya ƙi in riƙe masa hannu. Aka rantsar da shi. Kafin kowa ya yi tambaya sai ya ɗaga yatsa, kamar a aji, ya ce wa shugaban zaman, "Ranka ya daɗe, kafin in ba ku awo, ga fankona. Shekarata tamanin da biyu. Sunayen abubuwa na ɓace mini, wani lokaci na mutane ma. Ɗana ya auna, maƙwabciyata ta tabbatar. Ku cire wannan daga duk abin da zan faɗa, abin da ya rage ku yi aiki da shi."

Na kalli lauyan ɗaya ɓangaren, wani dogo mai tattausar murya. Na ga ya juya shafi biyu na takardunsa ba tare da ya karanta ba, ina jin tambayoyin da ya shirya ne a kan mantuwar Baba.

Kada ki zaci daga nan komai ya tafi sumul. Ya yi kuskuren shekara sau ɗaya, lauyan ya cafke. Baba ya ce, "Kana da gaskiya, na gode," ya ci gaba. Ya gaji, muryarsa ta riƙa dusashewa, aka ce ya matso da bakinsa kusa da abin magana. Sannan aka zo inda nake tsoro. Lauyan ya ce Baba ya gaya wa kwamiti a cikin me ya fi samun gubar. Baba ya buɗe baki, babu komai. Yatsun nan suka fara lalube. Ɗaki ya yi tsit. Na ji kalmar tana cika mini baki, na yunƙura zan faɗe ta, Misis Opie ta danne mini hannu da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta ce a kunnena, "Zauna, mai kashe buta."

Ban san tsawon shirun ba. Baba dai bai sunkuyar da kai ba. Can sai ya ce, "Farin abin nan. Wanda uwa ke ɗumamawa ta ba yaronta don ya yi ƙashi mai ƙarfi. A ciki muka same ta."

Babu wanda ya yi dariya, Nerida. Daga can baya wata tsohuwa cikin mutanen hamada ta ce, "Madara," ba da ƙarfi ba, kamar mai miƙa wa maƙwabci abin da ya yar. Baba ya juya ya ɗan rusuna mata ya ce, "Na gode, 'yar'uwa." Shugaban zaman bai tsawata wa kowa ba. Na ga wani tsohon soja yana neman hankicinsa. Da kalmar ta zo masa a kan lokaci, da ta wuce kamar sauran, mai rubutu ya rubuta, shi ke nan. Da ta ƙi zuwa, sai da kowa a ɗakin ya ga kofin madarar da yaron a ransa.

Lauyan ya jira, sannan ya yi tambayarsa ta ƙarshe. Ya ce wane tabbaci Farfesa ke da shi cewa gubar ba daga ɗakin awonsa ta shiga kwalaben ba. Baba ya dube shi, fuskarsa ta washe, ya ce, "Tambaya mai kyau." A karo na farko a rayuwata na ji ya faɗe ta da gaske. Ya ba su labarin kwalba ta uku, yadda Mama ta wanke kowace da hannunta, yadda suka je har bakin hamada suka dawo. Ya ce fankon duka sun dawo da tsabtarsu. Lauyan ya ce ba shi da sauran tambaya.

Ban san abin da kwamiti zai rubuta ba. Halina ta ce sai an yi watanni, kuma kada mu sa rai da yawa. Jaridar yamma ta ba shi 'yan layuka a shafin ciki, ƙarƙashin farashin ulu, ta kuma rubuta sunansa ba daidai ba. Shi ko a jikinsa. Ya faɗa, an yi masa tambaya, ya amsa.

Da muka fito baranda sai ya kama hannuna, wannan karon da kansa. Ya ce, "Jory, samo mana shayi." Na ce to. Na samo, a wurin masu sayarwa, ba ni na dafa ba.

Zan mayar da shi gida gobe, in gyara famfo, in ɗan ƙara kwanaki idan za ki iya da shagon. Ki aiko mana da buta irin tamu, mai usur, mai ƙarar gaske.

Na ce kada ya zo. Na yi kuskure. Buta ta farko ma, ina jin ni ne.

Mijinki har kullum,
Denzil